Gargaɗi: Ya Ce Ya Sake Wayarin Gidan, Ashe Fuskar Soket Kawai Ya Canza

Jama'a, ku yi hattara da masu bin tsofaffin gidaje da sunan sabunta wayarin. Wallahi ina rubutun nan raina yana tafasa.

Gidanmu tsoho ne, soket ɗinsa irin na da ne masu zagayayyun ramuka uku, na amp 5. Amp 5 a wuta mai bolt 230 iyakarsa wat 1,150, dutsen guga kaɗai yana iya haura haka, balle butar lantarki mai jan wat 2,000. Na san wannan tun kafin mai gyaran wutar da ya cuce ni ya tako gidan. Shi ya sa ma na nemi mai gyara, don a mayar da su na amp 13, a kuma ja sabuwar waya mai kaurin 2.5 (mm²) tun daga akwatin bireka (makunnin da ke katse wuta in ta yi wa waya yawa) har kowane soket. A kan haka muka yi magana. Amp 13, waya 2.5. Sai da na maimaita masa.

Abin da ya kasa fita daga raina shi ne lokacin da ya zaro nannaɗen waya daga jakarsa, ya feƙe bakinta, ya miƙo mini. "Yallaɓai, duba da idonka, jan ƙarfe ne zalla, 2.5 ce." Na karɓa, na juya ta, ja ce tana sheƙi. Ku gaya mini wanda zai ga haka ya ƙi yarda. Masu cewa na yi garaje, ina kuke da ya kalle ni cikin ido yana rantsuwa? "Duba da idonka." Na duba kuwa!

Sai soket ɗin kicin ya fara ɗumi, fuskarsa ta soma yin ruwan ƙasa, ga ƙaurin roba. A'a, kafin wannan ma ya riga ya karɓi cikon kuɗinsa, rabi kafin alƙalami, rabi ran da ya ce ya gama, duka biyun na biya ban rage ko kaɗan ba. Ranar ce na ce ya buɗe mini soket ɗaya, ya buɗe na falo, na ga sabuwar waya. Ko tun a ranar farko ce ya buɗe? Oho, ya dai buɗe, na gani.

Da wani mai gyaran ya zo ya janyo wayar waje, sabuwar ba ta wuce taƙi ɗaya ba. Taƙi ɗaya! An murɗe ta da tsohuwar siririyar wayar gidan, wadda robarta ke marmashewa a hannu, aka naɗe da baƙin tef aka cusa cikin bango. Ya datse sabuwar, cikinta fari fat: alminiyum ne aka yi wa rufin jan ƙarfe, alhali alminiyum kusan kashi 61 cikin 100 na abin da jan ƙarfe ke ɗauka yake iya ɗauka. Wayar ƙasa kuwa, mai kare mutum daga jan wuta, babu ita sam, ramin nan na uku ba a haɗa shi da komai ba. Sannan mai gyaran farkon ya ɗora bireka mai amp 32 a kan wayar da aka ja don soket na amp 5. Amp 32 a kan wayar amp 5! Wayar za ta iya gasuwa cikin bango birekar ba ta faɗi ba. Yarana a ɗakin da ke jikin bangon nan suke kwana.

Na kira mai gyaran farkon, ya ce yana hanya. Yanzu layinsa ba ya shiga. Hotunan wayar, da rasit ɗin da ya rubuta 2.5 da hannunsa, da saƙonninmu, duk suna wurina, zan sa su kowa ya gani.

Kada ku biya ciko sai an janyo waya a gabanku, an datse ta kun ga cikinta. Soket ya yi ɗumi, ku kashe bireka.