Injiniyan gas da ya duba mana tsohuwar boila a Lesta, ga yadda aikinsa yake

'Yan uwa mazauna Ingila da kuka sayi gida da tsohuwar boila a ciki, wato na'urar gas da ke ɗumama gida da ruwa, kafin kowa ya ce muku ku cire ta ku nemi wanda zai buɗe ta ya duba tukuna. Mu wani ƙaramin injiniya ne mai zaman kansa ya yi mana aikin a nan Lesta kuma wallahi na gamsu, abin da ya fi burge ni shi ne bai shigo da maganar sayar mana da sabuwa ba.

Kafin ya taɓa komai ya miƙo min katinsa na Gas Safe, wato rijistar masu izinin aikin gas, ya ce in juya baya in ga irin ayyukan da aka ba shi izinin yi. Don Allah kar ku ji nauyin tambayar katin nan, doka ce, wanda ba ya cikin rijistar bai da ikon taɓa gas ɗin gidanku ko da ɗan uwanku ne ko arha ya yi muku.

Tamu tun kafin 2005 aka saka ta, shekarar da aka wajabta irin boilar da ke sake amfani da zafin hayaƙinta maimakon ya fice waje a banza. Tana ƙara kamar butar shayi in ta tafasa, fireshan ruwa kullum sauka yake sai an ƙara, ga radiyetocin falo sama zafi ƙasa sanyi. Ya auna hayaƙin da na'ura, ya buɗe cikinta, sannan ya ce min Alhaji tsufa kaɗai ba dalili ba ne, da famfon ciki ne ko fanka ko bawul da na gyara maka ta ci gaba da aiki, amma tukunyar da ke ɗumama ruwan ce take yoyo kuma an daina ƙera kayanta. Ya nuna min tsatsar da idona. Sanyin radiyeta kuma ya ce tarin datti ne a bututu, in ba a wanke ba sabuwar boilar ma zai kashe ta.

Mun daɗe a kan wacce za a saka. Ya tambayi yawan mutanen gida da banɗaki nawa ne, don irin boilar da ake kira kombi ba ta da tanki, nan take take ɗumama ruwa, in mutum biyu suka buɗe shawa lokaci ɗaya ruwan raguwa yake. Kun san gidajenmu ba sa rabo da baƙi, ga alwalar asuba cikin hunturu ga wankan yara kafin makaranta, to mai banɗaki biyu da iyali da yawa gara ya riƙe mai tanki. Mu banɗakinmu ɗaya ne shi ya sa muka ɗauki kombi ta Worcester Bosch. Ya kawo maganar injin nan mai jawo zafi daga iska da gwamnati ke ba da tallafin fam 7,500 a kansa, amma gidanmu na jere ne, ba wurin tanki kuma bangon ba ya riƙe zafi, sai muka bar shi.

Kuɗin dai bai kai fam 3,000 ba har da wankin bututu da filta mai maganaɗisu da ke tace datti. Ya cike takardun garanti a gabana ya ce in aka tsallake sabis na shekara garantin ya tafi, ya kuma saita zafin ruwan radiyeta wajen digiri 60 don a nan take cin gas kaɗan.

Inda ban ji daɗi ba, samunsa a waya wahala ne, sai ka tura saƙo ka jira. Sannan bututun da ke zubar da ruwan boilar a waje ya bar shi tsirara sai da na yi magana ya naɗe shi, alhali shi ne yake daskarewa ya tsayar da boila kamar yadda ya faru da gidaje da yawa a sanyin 2018.

Masu haya wannan nauyin mai gida ne, har da duba gas duk shekara ya ba ku takarda. Masu gida kuma ku kira injiniya tun lokacin zafi, daga Nuwamba layi ake bi, kuma ko kun canza ko ba ku canza ba ku saka alam ɗin hayaƙin nan mai kisa da ba a jin warinsa.