Ƙaguwa mai yawo da gidanta, da kantunan dabbobi na Amurka

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kana lafiya, kai da Hajiya da yara duka. Mu ma nan lafiya ƙalau, sai sanyi da ya fara shigowa.

Ka tambaye ni ko akwai kasuwar tattabaru a nan irin tamu, da yadda masu kiwo suke samun kayansu. Tattabaru dai ban ga mai sayar da su a unguwarmu ba. Amma kiwo ya shigo mana gida ta hannun 'yarka, kuma a dalilinsa na zaga kantunan dabbobin garin nan har na san su ciki da bai. Ƙaguwa muke kiwo, guda biyu.

Ba irin ƙaguwar rafi ba ce da ka sani. Wannan a tudu take zama. Gabanta da ƙafafunta akwai ɓawo mai tauri, amma cikinta laushi ne lumus, shi ya sa take neman gidan katantanwar teku da mai shi ya mutu, ta shige da baya, ta riƙa yawo da shi. In ta girma gidan ya matse ta, sai ta sake wani. Wadda aka fi sayarwa a nan asalinta tsibiran Karibiyan ne har zuwa kudancin Fulorida, masana suna kiranta Coenobita clypeatus. Awartakinta na hagu ya fi na dama girma, launinsa shunayya, da shi take toshe ƙofar gidan in ta tsorata.

Na fara ganinsu a Ocean City, wani gari na bakin teku a nan jihar Maryland, inda ake da doguwar hanyar katako mai cike da shaguna. A shagon da ake sayar da riguna da tawul da kayan tsaraba, nan za ka ga kejin waya maƙil da su, an shafa wa gidajensu fenti, wani an zana masa ƙwallo, wani fuskar 'yar tsana. Kuɗin ɗaya bai kai na abincin rana ba. Mai shago zai haɗa maka da ɗan ƙaramin keji, da soso, da kwalbar abinci, ya ce shi ke nan, ka gama shiri.

Ciniki a ƙasar nan yana da sauƙi, wannan gaskiya ce. Kuɗi a rubuce yake jikin kaya. Babu albarka, babu ƙara kaɗan, babu na sallama. Ka miƙa kati, a ba ka rasit, kuma a manyan kantuna in kaya bai yi maka ba ka mayar da rasit ɗinka a dawo maka da kuɗinka ba da musu ba. Abin da na rasa shi ne irin mutumin da kake sayen tattabaru a wurinsa. Shi ya san uwar tsuntsun da ubansa, zai buɗe maka fiffike, ya duba ido da baki, in ciwo ya kama ka koma wurinsa ya gaya maka magani, domin da kiwon ya tashi. A nan yawancin masu tsaron shagon bakin teku ɗalibai ne da suka zo aikin hutu. Na tambayi wani ko ƙaguwar tana buƙatar ruwan gishiri, sai ya juya kwalbar abincin yana karanta bayanta. Ban ga laifinsa ba, ba wanda ya koya masa. Amma dabbar ce take biyan wannan rashin sani da ranta.

Allah ya taimake mu da wata dattijuwa maƙwabciyarmu da ta daɗe tana kiwonsu. Ita ta zaunar da ni da 'yarka ta yi mana bayani tun kafin mu kawo su gida. Abu na farko da ta ce shi ne kejin waya ajalinsu ne. Ƙaguwar nan ba huhu irin namu take da shi ba, numfashinta ta wasu sassa ne irin na kifi, kuma dole su kasance a jiƙe. In iska ta bushe, a hankali take shaƙewa, wata da watanni, mai ita bai sani ba. Saboda haka akwatin gilashi mai murfi ake nema, a riƙe laimar ciki tsakanin kashi 70 zuwa 80 cikin ɗari ko sama da haka kaɗan, zafi kuma tsakanin 24 zuwa 29 a ma'aunin Salshiyas. Lokacin sanyi a nan, in aka kunna na'urar ɗumama gida, iskar ɗaki takan bushe ƙamas kamar tsakiyar hunturu a Kano, har leɓe ya tsage. To a lokacin ne ake asarar su da yawa.

Kayan aikin duk akwai, kuma nan ne ƙasar take burge ni. Akwai 'yar na'ura mai nuna zafi da laima a lokaci ɗaya, akwai faifan ɗumama da ake mannawa a bayan gilashi. Ba a ƙarƙashi ake sa shi ba, a jiki ne sama da yashi, don kada ya gasa wadda ta binne kanta. Faifan nan dare da rana yake aiki, kuma wuta ba ta yanke mana sai in an yi babbar guguwa. Da a gida ne, zafin kyauta Allah ya ba mu yawancin shekara, amma bushewar hunturu da sanyin asubarsa, ga wutar da ba ta zama, za su sa kiwon ya yi wuya. Ban ba ka shawarar gwadawa ba.

Maganar yashi za ta ba ka mamaki. Mu da ake ɗebo shi a rafi ko a kawo tifa guda, a nan a buhu ake sayensa, wankakke tankaɗaɗɗe. A kantin dabbobi akwai wani mai launi-launi a ƙaramar leda, da tsada, an ce yana da sinadarin ƙarfafa ɓawo. Wannan in ya jiƙe dunƙulewa yake ya yi tauri, yana iya maƙalewa a cikin gidan ƙaguwa. Wanda ya dace shi ne yashin wasan yara da ake sayarwa a kantin kayan gini, buhu mai nauyin kusan kilo 23 a kan 'yan daloli. Ana haɗa awo biyar na yashi da awo ɗaya na niƙaƙƙen zaren ɓawon kwakwa, a jiƙa shi daidai yadda in ka dunƙula a hannu zai tsaya bai wargaje ba, ruwa kuma bai ɗiga ba. Zurfinsa kada ya gaza santimita 15, ko ninki uku na tsayin babbar cikinsu.

Dalilin wannan zurfi shi ne saɓa, kuma ita ce ta fi tayar wa sabon mai kiwo hankali. Ɓawon jikinsu ba ya girma da su, sai sun tuɓe shi. In lokaci ya yi, ƙaguwa za ta ci ta ƙoshi, ta sha ruwa, ta haƙa rami ta ɓace. Ƙarama ta yi 'yan makonni, babba ta kai wata biyu ko uku a ƙarƙashi. A can cikin duhu take tuɓe tsohon ɓawo, jikinta ya zama laushi, sannan ta cinye ɓawon da ta tuɓe don sabon ya yi ƙarfi. Wanda ya tone ta a wannan hali don ya ga ko tana da rai, sau da yawa shi ne sanadin mutuwarta. In kuma yashi ba zurfi, 'yar'uwarta tana iya tarar da ita a laushinta ta cinye ta. Ƙaramar tamu tana ƙasa yanzu. 'Yarka kullum da safe takan leƙa ta gilashi, na ce mata hannu kada ya shiga, kuma ta kiyaye.

Ruwa iri biyu ake ajiye musu, kowanne da zurfin da za su nutse gaba ɗaya, da 'yan duwatsun da za su taka su fito. Ruwan famfo a nan ba ya ɗaukewa, mutum ya sha kai tsaye, amma akwai kulorin a ciki wanda ke ƙona musu wurin numfashi, sai an ɗiga maganin da masu kiwon kifi suke amfani da shi. Na biyu ruwan gishiri ne, kuma ba gishirin miya ba, akwai na musamman da ake haɗa ruwan teku da shi. Soson nan da suke bayarwa ba shi da amfani sai tara ƙwayoyin cuta.

Abinci kam daga kicin ɗinmu yake fitowa: kwakwa, mangwaro, ayaba, dafaffen ƙwai, busasshen jatan lande, dakakken ɓawon ƙwai, da busasshen ganyen da ba a fesa wa magani ba. Ba gishiri, ba magi, ba albasa ko tafarnuwa. Abincin kwalba kuwa sai an karanta abin da ke ciki, don wasu suna da sinadaran da ake kira ethoxyquin ko copper sulfate, masu kiwo na gudunsu.

Gidaje ne abin da na fi jin daɗin sayensa. Mai fenti ba shi da kyau, fentin yana ɓarewa su ci. Na asali ake nema, mai zagayayyen baki, uku zuwa biyar ga kowace ɗaya. Ta intanet nake oda. Ka auna faɗin bakin gidan da take ciki, ka zaɓi wanda ya ɗara shi kaɗan, ka biya, cikin 'yan kwanaki kwali ya iso ƙofar gida, kana bin tafiyarsa a waya. Mukan tafasa su a ruwa su huce sannan mu zuba. Da dare suke harkarsu, kuma na taɓa zama na kalli babbar tana duba sabon gida. Ta mirgina shi, ta zura awartaki ciki tana aunawa, ta kwashe yashin da ya shiga, ta juya bakinsa sama. Sai kawai ta riƙe gefensa, ta zaro cikinta fari mai lanƙwasa, ta zura shi a sabon kafin ka ƙifta ido. Ta yi ɗan tafiya da shi, bai kwanta mata ba, ta dawo ta koma tsohon.

Kare da kyanwa a ƙasar nan suna da asibiti, suna da inshora, har da masu yi musu aski. Ƙaguwa kuwa da wuya ka sami likitan da zai duba ta, lafiyarta tana hannun mai ita. Abin da ya fi damuna shi ne kusan duk wadda ka gani a shago daga bakin teku aka kamo ta, domin 'ya'yanta a cikin teku suke fara rayuwa kafin su fito tudu, kuma renonsu a gida yana da matuƙar wahala. Sai a 2018 wata mata mai suna Mary Akers a jihar New York ta yi nasarar renon su da yawa har suka shiga gidaje. Dabba ce mai tsawon rai, akwai wadda aka saya a 1976 ta yi sama da shekara 40 a hannun mai ita. Amma yawancin waɗanda yara suke ɗaukowa daga bakin teku ba sa kai shekara, iyaye kuma su ɗauka haka Allah ya yi su.

Suna son zama cikin 'yan'uwa, don haka muna shirin ƙaro ta uku in mun sami akwati mafi girma, tunda kowace ɗaya tana buƙatar wurin da ya kai na lita 38. Ba za mu saya a shago ba. Akwai mutanen da suka gaji da nasu suna neman mai riƙo, a wurinsu za mu karɓa.

Ka turo mini hoton sababbin tattabarun nan da ka ce ka samo, 'yarka tana son gani. Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce mata muna neman addu'a. A gaida yara da dukan mutanen gida.