Kafin ka fara gina kanel ɗin Linux: ina tarkacen gini zai zauna, kuma da wane kayan aiki za ka gina?

Idan ka sauko da tushen kanel ɗin Linux, wato rubutattun fayilolin da ake gina zuciyar tsarin Linux daga gare su, ka buga `make`, kafin a gama ginin dubban sababbin fayiloli sun cika foldoji: masu ƙarewa da `.o`, da `.cmd`, da `.ko`, ga `vmlinux`, ga `System.map`, ga `Module.symvers`. Ka dawo ka buga `git status`, sai ya ce maka komai tsaf. Tsabtar nan ta ido ce kawai. Fayilolin suna nan daram, an dai umarci Git, manhajar da ke bibiyar canje-canjen fayilolin tushen, ya kawar da kai daga gare su.

Duk kayan aikin da za a kwatanta a nan kyauta ne. Abin da zaɓi marar kyau ke ci shi ne lokacinka, da sararin diski, wani lokaci kuma da aikin da ka sha wahala a kansa. Akwai abu ɗaya da nake so mai karatu ya riƙe kafin ya zaɓi komai: a wurin Git, fayil ɗin da aka kawar da kai daga gare shi fayil ne da babu laifi in ya salwanta. Ba ajiya aka yi masa ba. In ka koma wani reshe (branch, wato wani layin aiki daban a Git) mai ɗauke da fayil mai irin sunansa, Git zai rubuta a kansa ba tare da ya tambaye ka ba. Umarnin shara kuma zai kwashe shi tare da sauran tarkace.

Wurare 3 da ake rubuta dokar kawar da kai

Na farko shi ne `.gitignore`, wanda ke tafiya tare da tushen zuwa hannun kowa. A kanel akwai babba a saman bishiyar, wato babbar foldar tushen, akwai ƙanana birjik a cikin foldoji. Babban yana ɗauke da gargaɗi tun daga layukansa na farko: kada a sa masa sunan fayil ɗin da wata folda ta musamman ke samarwa, a kai shi `.gitignore` na wannan foldar. Ma'aunin shiga nan guda ne: shin ginin kanel ne da kansa ke haifar da fayil ɗin, a kwamfutar kowa? In e, nan ne gidansa. In kuwa editarka ce ke barin sa, ko rubutun tunatarwa ne da ka yi wa kanka, babu ruwan sauran masu aiki da shi, kuma faci (patch, wato gyaran da ake tura wa) irin wannan da wuya ya samu karɓuwa wurin masu kula da kanel.

Na biyu, `.git/info/exclude`. Yana zaune cikin kwafinka kaɗai, ba ya bin `git push`, ba ya fitowa a faci. Nan ya dace da ƙananan rubutun gwaji da foldar bayananka na wannan aiki. Rauninsa shi ne, ranar da ka sake ɗauko sabon kwafi, babu shi.

Na uku shi ne fayil ɗin da `core.excludesFile` ke nunawa, wanda in ba ka canja ba yana `~/.config/git/ignore`. Shi yana aiki a kan kowane aikin Git da ke ƙarƙashin asusunka. Tarkacen edita da na tsarin kwamfutarka nan ya kamata su tafi, ka rubuta sau ɗaya ka huta. Sai dai a yi hattara da doka mai faɗi. Ka sa `*.bin` ko `build` a nan, wata rana a wani aiki daban za ka rasa dalilin da ya sa `git add .` ya tsallake fayil ɗin da kake bukata.

Waɗannan ukun ba ƙarfinsu ɗaya ba. `.gitignore` yana rinjayar `info/exclude`, shi kuma yana rinjayar na asusu. Wannan na da tasiri a aikace: babban `.gitignore` na kanel yana kawar da kai daga duk fayil ɗin da sunansa ya fara da ɗigo, sannan ya keɓe kaɗan da alamar `!`, irin su `.mailmap` da `.clang-format`. Ke nan `.config` ɗinka, fayil ɗin zaɓuɓɓukan ginin kanel, wanda wataƙila ka daɗe kana gyara shi, yana cikin abin da ake ɗauka tarkace. Kuma ba za ka cece shi da rubuta `!.config` a `info/exclude` ba, domin dokar `.gitignore` ta fi ƙarfi. Duk lokacin da ka rikice kan wace doka ce ta kama wani fayil, `git check-ignore -v` tare da sunan fayil ɗin zai nuna maka fayil ɗin dokar da lambar layinta.

Abin da ba zaɓi ba ne, ko da yake ana yawan ba da shawararsa: `git update-index --assume-unchanged` da `--skip-worktree`. Mutane kan yi amfani da su don ɓoye gyaran da suka yi wa fayil ɗin da Git ke bibiya. Takardun Git da kansu sun hana a yi haka da su. `.gitignore` ma ba ya aiki a kan fayil ɗin da aka riga aka shigar. In kana da gyara na kanka a `Makefile`, ka ajiye shi a reshenka, a fili.

Gini cikin tushe, ko gini a gefe

Nan ne babban zaɓin yake, kuma nan ra'ayina ya fi ƙarfi.

Gini cikin tushe shi ne buga `make` kawai. Ba ya bukatar tunani, yawancin darussa ma haka suke koyarwa. Ga wanda zai gina kanel sau ɗaya ya ɗora a kwamfutarsa, ya wadatar. Matsalarsa tana fitowa ne idan aiki ya yi tsawo. Bishiya ɗaya, `.config` ɗaya: in kana son gwada x86 da arm64, sai ka rushe ɗaya kafin ka gina ɗaya. Binciken kalma da `grep -r` yana kutsawa cikin fayilolin gini ya cika maka allo (`git grep` ya fi, don shi abin da ake bibiya kawai yake dubawa). Sannan akwai matsalar tsofaffin fayiloli. Kanel na canjawa. Fayil ɗin da ake samarwa a wata folda a wannan siga, a siga ta gaba an mayar da shi wani wuri ko an daina samar da shi. Wanda ke tsalle tsakanin sigogi, musamman da `git bisect`, umarnin da ke lalubo canjin da ya kawo matsala, zai ga ragowar tsohon gini ta bayyana a `git status`, ko ma ta ɓata sabon ginin. Abin ya kai har masu kula da Kbuild, tsarin ginin kanel, suka ajiye rubutu na musamman, `scripts/remove-stale-files`, don kwashe irin wannan ragowar.

Gini a gefe shi ne `make O=../gini-x86`, ko ka sa hanyar a `KBUILD_OUTPUT`. Duk abin da ginin ya haifar, har da `.config`, can zai sauka, tushen kuma ya zauna yadda ka ɗauko shi. Kamar mai ɗinki ne da ya raba teburin yanka da inda yake ajiye yadi: ƙyallaye ba sa cakuɗuwa da kayan mutane. Kana iya riƙe folda 3 ko 4 a lokaci guda, kowace da tsarinta da kompailarta, wato manhajar da ke mayar da tushen zuwa harshen na'ura. Kbuild yana ajiye ƙaramin `Makefile` a foldar, don haka kana iya shiga cikinta ka buga `make` kai tsaye. In kana son farawa daga farko, ka goge foldar, shi ke nan.

Yana da sharuɗɗa. Dole tushen ya kasance da tsabta. In ka taɓa gini a ciki, Kbuild zai tsaya ya ce ka fara yin `make mrproper`. Ka kwafe `.config` ɗinka zuwa wani wuri kafin ka bi wannan umarni, domin zai tafi da shi. Kowace folda kuma tana cin nata sararin, wanda kan kai gigabait masu yawa in an kunna bayanan gano kuskure. Sai wurin da za ka ajiye ta: kana iya cewa `O=build` a cikin bishiyar, Kbuild ma zai sa mata `.gitignore` mai alamar `*` don kada ta dame ka. Amma wannan ya mayar da ita abin sharewa a idon Git. Ni dai a waje nake ganin ya dace, gefe da tushen.

Akwai na uku, `git worktree`, wanda ya shigo Git 2.5 a 2015. Shi ba kishiyar `O=` ba ne, wata bukata yake biya: riƙe rassa biyu a buɗe lokaci guda ba tare da sauko da tarihin kanel sau biyu ba. Mai aiki a kan sabon kanel da kuma tsohuwar siga mai dogon tallafi zai ji daɗinsa, don komawa daga reshe zuwa reshe a bishiya ɗaya yana taɓa dubban fayiloli ya jawo gini kusan daga tushe. Wanda reshe ɗaya yake bi ba ya bukatarsa.

Wace tsintsiya

`make clean` yana kwashe yawancin abin da aka gina, ya bar `.config` da abin da ake bukata don gina modul na waje (modul yanki ne na kanel da ake lodawa daban). `make mrproper` yana haɗawa da `.config`, har da mabuɗin sa hannu `certs/signing_key.pem` da ginin ya samar. `make distclean` ya ƙara da ragowar edita da ta faci.

`git clean` wata dabba ce daban. Shi bai san Kbuild ba, dokokin kawar da kai kawai ya sani. Da `-fdX` yana goge duk abin da aka kawar da kai daga gare shi. Da `-fdx` yana haɗawa da duk abin da ba a bibiya, har sabon fayil ɗin C da ka rubuta ba ka shigar ba tukuna. Ya fi `mrproper` tsafta wajen kama tsofaffin fayiloli, gaskiya ne. Amma ka duba: `*.patch` yana cikin `.gitignore` na kanel. Facin da ka fitar da `git format-patch` ka bari a saman bishiyar, da foldar bayananka da ka ɓoye ta `info/exclude`, duk za su bi ruwa, kuma Git ba shi da kwafinsu. Ka fara da `-n` a madadin `-f` ka karanta jerin. `git clean -fdx -e .config` yana tsallake abin da ka ambata. Mafi sauƙi daga duka, kada ka ajiye abin da kake so a cikin bishiyar: `git format-patch -o` yana karɓar folda ta waje, `make savedefconfig` kuma yana taƙaita tsarinka zuwa ɗan gajeren fayil da za ka adana a wani wuri.

GCC ko Clang

GCC da Clang duka kompaila ne. GCC ne aka gina Linux da shi tun 1991, shi ne mafi yawan rabe-raben Linux ke amfani da shi, kuma ya fi tallafa wa nau'o'in masarrafa da yawa, musamman tsofaffi. Don gina wa wata masarrafa daban kana bukatar kompaila ta musamman, ka ambace ta kamar `ARCH=arm64 CROSS_COMPILE=aarch64-linux-gnu-`.

Clang da sauran kayan LLVM ana kunna su da `LLVM=1`, wanda ya shigo a siga ta 5.7 a 2020. Kompaila ɗaya ce ke gina wa masarrafai da dama, don haka a sababbin sigogi `LLVM=1 ARCH=arm64` ya isa. Da shi ake gina kanel ɗin Android da na ChromeOS. Inganta kanel a matakin haɗewa, wato LTO, ta hanyar Clang ta shigo a 5.12. Mai sha'awar harshen rubuta manhaja na Rust, wanda ya shiga kanel a 6.1 a Disambar 2022, hanyar LLVM ce ta fi masa santsi, kuma `make LLVM=1 rustavailable` zai gaya masa abin da ya rage bai girka ba.

Tarkon a nan shi ne mantuwa. `LLVM=1` dole ya bi kowane kiran `make`, har da na tsara `.config`. Ka manta shi sau ɗaya, Kconfig, tsarin da ke kula da `.config`, zai ga kompaila ta canja, ya sake lissafin tsarin, zaɓuɓɓukan da Clang kaɗai ke iyawa su ɓace, gini kuma ya sake daga farko, domin fayilolin `.cmd` suna riƙe da ainihin umarnin da aka gina kowane fayil da shi. Wannan ma wata hujja ce ta raba folda: `../gini-gcc` daban, `../gini-clang` daban. Mai tura faci zuwa ga masu kula da kanel ya gwada da duka biyun in da hali, don gargaɗinsu ba ɗaya ba ne. Mafi ƙarancin sigar da ake karɓa tana hawa lokaci zuwa lokaci, saboda haka ka duba `Documentation/process/changes.rst` na bishiyar da ke hannunka.

`ccache`, wanda ke adana sakamakon ginin baya don a sake amfani da shi, yana da amfani ga mai yawan share gini ko mai `git bisect`; ana sa shi da `CC="ccache gcc"`. Ma'ajiyarsa ta asali gigabait 5 ce, wadda babban tsari ke cikawa nan da nan, sai a ƙara ta da `ccache -M`. Ga mai gyara fayil ɗaya ya sake gini, Kbuild ya riga ya san abin da ya canja, ribar kaɗan ce. Wanda kwamfutarsa ba ta da ƙarfi ya fi cin riba da `make localmodconfig`, wanda ke kashe modul ɗin da ba a loda su ba a lokacin; sai dai ya jona duk na'urorin da yake amfani da su kafin ya kira shi, in ba haka ba direbobinsu ba za su shiga ba.

Wa ya ɗauki wanne

Mai gini sau ɗaya: GCC, cikin tushe, ya kwafe `.config` gefe. Mai koyon aikin kanel da niyyar daɗewa: `O=` a waje tun ranar farko, tarkacen edita a fayil ɗin asusu, kada ya taɓa `.gitignore`. Mai aikin wayoyi ko allunan arm64: Clang, folda ɗaya ga kowane allo. Wanda kuma ya ƙara wa kanel wani mataki da ke haifar da sabon fayil, shi ne ke da hurumin gyara `.gitignore`, na foldar da abin ya shafa, a cikin facin da ya kawo fayil ɗin. Ya fara sunan da `/` don dokar ta tsaya a wannan foldar kaɗai, ya tabbatar `make clean` na kwashe fayil ɗin, sannan ya buga `git ls-files -i -c --exclude-per-directory=.gitignore` ya ga ko sabuwar dokarsa ta rufe wani fayil da ake bibiya.