Na kalli 'yan dabar 1966 a Tokyo

Ƙanina, bayan gaisuwa, ka gaishe min da Hajiya da yara. Tunda kai ne mayen fim a gidanmu, bari in ba ka labarin inda na je ranar Lahadi.

Nan Tokyo akwai ƙananan gidajen sinima da sana'arsu ita ce haska tsofaffin fina-finai. Manyan na zamani wajen yen 2,000 suke karɓa. Waɗannan sun fi sauƙi. Kujera da lambarta, kuma lokacin da aka rubuta a tikiti, a lokacin ake kashe fitila. Abin da ya dame ni shi ne shirun. Ka tuna yadda Baba ke ba mu labarin sinimar Marhaba da Plaza, ana ihu ana zagin bos? A nan ko tari mutum zai yi sai ya danne, kuma ba mai tashi sai sunayen ƙarshe sun gama wucewa. Ni kam na ƙosa.

Fim ɗin Tokyo Nagaremono ne, wato ɗan gararambar Tokyo, wanda Seijun Suzuki ya yi wa kamfanin Nikkatsu a 1966. Babu fassara ko layi ɗaya, Japanancina kuwa na cinikin kayan mota ne. Amma na gane labarin tsaf. Tetsu yaron wani uban daba ne mai suna Kurata, wanda ya tuba ya ajiye makami. Yaron ya bi shi, har dukan tsiya aka yi masa bai rama ba. Ƙarshe ubangidan nan da ya riƙe kamar mahaifi shi ya sayar da shi.

Launi ne ya yi min tafinta. An buɗe da baƙi da fari, sai launuka suka ɓarke. Tetsu na cikin kwat shuɗiya mai haske, abokin gabarsa Otsuka jar kwat da baƙin tabarau, ɗakin da budurwar Tetsu ke waƙa rawaya ne fes. Akwai wurin da Tetsu yake tafe cikin ƙanƙara, makasa na biye da shi, shi kuwa yana rera waƙarsa kamar ɗan fim ɗin Indiya. Faɗan ƙarshe a wani fili fari fat aka yi shi, kusan ba komai sai fiyano da ginshiƙai, shi ma ya sauya zuwa farar kwat. Kamfanin ne ya matse wa Suzuki kuɗi don ya daina wannan shirme nasa, sai ya mai da rashin kayan ya zama ado. Da ya ƙara da wani fim irin wannan a 1967, suka sallame shi a 1968.

Hoton fa tas yake, kamar jiya aka ɗauka. Suna da ma'ajiyar fina-finai ta ƙasa a unguwar Kyobashi, aikinta adana tsofaffin fina-finai. Sai na tuna fim ɗinmu na Hausa Turmin Danya na 1990 ne, ƙanen wannan da shekara 24, amma a ina za ka same shi da kyau haka?

Faifan sabo ya fi tikitin tsada, don haka zan duba maka na hannu a Book Off, shagon kayan hannu, in saka a kwantenar wata mai zuwa. Kai kuma ka buɗe akwatin Baba na ƙarƙashin gado, ka duba ko kaset-kaset ɗin nan suna da sauran rai.