Gargaɗi: a kula da mai tallar faifan Fleetwood Mac na 1969 "mai sa hannun makaɗa"

'Yan uwa masu tara faifan garmaho, akwai wani mutum da ke bin mutane ta WhatsApp da Facebook yana tallar faifan ƙungiyar Fleetwood Mac mai suna The Pious Bird of Good Omen. Yana cewa bugun farko ne na Ingila, kuma dukkan makaɗan ƙungiyar sun sa hannu a kan kwalinsa a shekarar da ya fito. Kada kowa ya tura masa ko sisi. Ban kawo sunansa ba domin yana sauya suna da lambar waya, kuma asusun bankin da yake bayarwa wataƙila na wani bawan Allah ne da aka yi amfani da shi bai sani ba. Abin da zai fi amfani shi ne ku gane kayan da kuma salon maganarsa, don ko da wane suna ya zo muku.

Faifan kansa gaskiya ne, akwai shi, kuma abin nema ne. Kamfanin Blue Horizon ne ya fitar da shi a Ingila a watan Agusta na 1969, ya tattara waƙoƙin farko na ƙungiyar, irin su Need Your Love So Bad da Black Magic Woman da kuma Albatross, kiɗa zalla wanda babu murya a cikinsa, wanda ya hau matsayi na ɗaya a Birtaniya a farkon 1969. A bangon kwalin akwai hoton wata mata cikin shigar 'yan majami'a tare da wani babban tsuntsun teku. Wanda ya taɓa sauraron yadda Peter Green ke taɓa jita, a hankali, ba gaggawa, ya san dalilin da ya sa mutane ke neman wannan faifai har yau. Wannan ƙaunar ce mutumin nan yake farauta da ita, shi ya sa abin ya ɓata mini rai.

Inda ƙaryarsa ta fara fitowa fili shi ne wajen sa hannun. A hoton da yake turawa akwai sunan Stevie Nicks da na Lindsey Buckingham, an rubuta 1969 a ƙasa. To, a 1969 waɗannan biyun ba su cikin ƙungiyar. Peter Green ne ya kafa ta a Landan a 1967 bayan ya bar ƙungiyar John Mayall, ya laƙaba mata suna daga sunayen mai ganga Mick Fleetwood da mai jitar bas John McVie. Jeremy Spencer na cikin na farko, Danny Kirwan ya shigo a 1968. Green ya fita a 1970. Nicks da Buckingham kuwa Amurkawa ne, sai a ƙarshen 1974 aka gayyato su, kuma da su aka yi faifan Rumours na 1977 wanda ya sa duniya ta san sunan ƙungiyar. Suna ɗaya ne, amma kiɗan 1969 daban, na 1977 daban, mutanen ma fiye da rabi sun canza. Mai tallar nan ya san yawancin matasa sun san ƙungiyar ne ta muryar Stevie Nicks, sai ya ɗora sunanta a kan faifan da ba ta da hannu a cikinsa don ya ƙara masa kuɗi. Ku dubi rubutun da kyau ma za ku ga hannu ɗaya ne ya yi duka, tawada ɗaya, karkata ɗaya.

Na biyu, jerin waƙoƙin da yake rubutawa a tallarsa. Ya sa Oh Well da Man of the World da The Green Manalishi. Babu ko ɗaya a cikin ukun nan a kan faifan 1969. Dalili kuwa a bayyane yake: ƙungiyar ta bar Blue Horizon, Man of the World ta fito a ƙarƙashin kamfanin Immediate, sauran biyun a ƙarƙashin Reprise, kuma The Green Manalishi sai a 1970 ta fito. Ta yaya waƙar 1970 za ta hau faifan da aka buga a 1969? Waɗannan waƙoƙi suna kan wani tarin ne dabam, Greatest Hits na 1971 wanda CBS ya fitar. Ya haɗa bayanan faifai biyu ya cakuɗa, alamar bai taɓa riƙe ko ɗaya a hannunsa ba.

Sai hoton bayan kwalin. A kusurwa akwai layukan nan baƙi da fari da ake haska wa na'ura a kanti don ta faɗi farashi. A 1969 babu wannan a kan kowane faifai a duniya. Sai a 1974 aka fara amfani da shi a wani kanti a Amurka, faifai kuwa sai daga baya ya same shi. Duk kwalin da ke ɗauke da shi sabon bugu ne. Ba laifi ba ne sayen sabon bugu, an sake buga waƙoƙin nan sau da dama bisa ƙa'ida, sautinsu yana da kyau, kuɗinsu kuma bai taka kara ya karya ba. Laifin shi ne a sayar maka da shi da sunan na asali a kan dubban ɗaruruwan naira.

Idan aka matsa masa da tambaya, sai ya kawo wani labari: wai Mick Fleetwood ne da kansa ya ba kawunsa faifan kyauta a Accra. Wannan ne ya fi kama mutane, musamman 'yan uwanmu na zango a Gana, domin akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Mick Fleetwood ya je Accra a 1981 ya naɗi faifansa The Visitor tare da makaɗan Gana. Amma zuwan mutum gari ba shaida ba ce cewa ya ba kawun wani kyauta. Ku tambaye shi hoto, ko wasiƙa, ko sunan wurin da suka haɗu, za ku ga ya koma maganar cewa wani Bature ya riga ya taya, idan ba ka biya yau ba gobe ya tafi.

Yadda yake karɓar kuɗin kuma hawa-hawa ne. Da farko kafin alƙalami, wai don ya ajiye maka. Sannan cikon kuɗi, sai ya turo hoton kwali a naɗe da wata lambar bin sawun kaya wadda ba ta aiki a ko'ina. Bayan kwanaki sai wani ya kira da wata lamba, ya ce shi jami'i ne, kayanka sun maƙale a filin jirgi, sai an biya kuɗin fito. Asusun da zai ba ka na mutum ne. Harajin kwastam ba a biyan sa a asusun wani mutum, ko wane ne shi, kuma ana ba da takardar shaida ta hukuma. Wanda ya biya wannan, za a sake kiransa da kuɗin inshora, har ranar da ya gaji ko aka toshe lambarsa. Kwanan nan ma ya ƙaro wani salo, yana neman mutane su haɗa kuɗi a sayi "faifai goma" a sayar a Turai a raba riba. Duk cinikin biri a sama ne.

Ga mai son faifan da gaske, hanyar tantancewa ba ta da wuya. Lambar bugun Ingila na Blue Horizon ita ce 7-63215, tana kan kwali tana kuma kan takardar tsakiyar faifan. A filin nan mai santsi da ke tsakanin waƙar ƙarshe da takardar tsakiya akwai wasu lambobi da aka zana a jikin faifan tun a masana'anta. Ka ce mai sayarwa ya kira ka ta bidiyo, ya fito da faifan daga kwali, ya karkata shi a haske ka karanta lambobin da idonka, sannan ka gwada su da abin da masu tarawa suka rubuta a shafin Discogs, inda ake jera bugu daban-daban na kowane faifai da hotunansu. Ka ce ya rubuta sunanka da kwanan wata a takarda ya ajiye kusa da faifan. Ka sa ya ɗora allura ka ji sautin. Faifan da ya haura shekara hamsin kwalinsa kan nuna tsufa a gefe da kusurwa, rubutunsa kuma a fili yake. Na jabu hotonsa kan yi dishi-dishi domin daga wani hoton aka kwafo shi. Mutumin da nake magana a kai bai taɓa yarda da kiran bidiyo ba, kullum kyamararsa ta lalace. Hotunan da yake turawa ma, idan ka saka su a manhajar neman hoto ta Google, za ka tarar da na gaban kwalin a tallar wasu mutane a ƙasashen waje, babu sa hannun kowa a kai.

Wanda ya riga ya tura kuɗi, kada kunya ta sa ya yi shiru. Ya je bankinsa nan take da shaidar turawar, ya nemi su tuntuɓi bankin da kuɗin suka shiga, domin idan aka yi sauri akan iya riƙe asusun kafin a kwashe. Ya adana duk hirarsu da lambobin da aka kira shi da su, kada ya goge komai, ya kai ƙorafi wurin 'yan sanda ko EFCC idan a Najeriya yake. Idan kuma wani ya kira daga baya yana cewa zai ƙwato maka kuɗinka in ka ba shi wani abu, kada ka saurare shi, su ɗin ne dai suka dawo ta wata ƙofa.