Magani ko horo: wanne ya fi wa yaro mai galahanga da ke fama da fargaba?

Wata 'yar'uwarmu ta unguwar Aboabo a Kumasi ta yi tambaya a kan ɗanta mai shekara 4 da ke da galahanga (autism). Da ya ji ƙarar injin aski, ko aka doshi cunkoson kasuwar Kejetia, sai ya toshe kunnuwa ya ɓarke da ihu. Wata ta ce ta nemo masa maganin kwantar da hankali, wata kuma ta ce horo ake yi.

Allah ya ba shi lafiya, 'yar'uwa. Ba ke kaɗai ba ce: wani nazari na 2011 da ya tattara bincike da dama ya nuna kusan kashi 40 cikin 100 na yara masu galahanga suna fama da ciwon fargaba. Ni dai, a shekarun ɗanki, horo nake zaɓa.

Horon nan, wanda likitoci ke kira CBT, sabar wa yaro ne da abin da yake tsoro sannu a hankali. Idan yaro ƙarami ne iyaye ake koya wa, su yi a gida. Ɗauki aski misali. Da farko ki ajiye injin a kashe a kan tabarma, ya gani, ya taɓa in ya ga dama. Bayan kwanaki a kunna shi a wani ɗaki, ƙarar na zuwa daga nesa. Sannan a aske babansa a gabansa. Sai can a ɗora masa injin a bayan hannu, ya ji yadda yake kaɗawa. Duk matakin da ya jure, ki yaba masa, ki ba shi abin da yake so, kuma kada a wuce gaba sai ya natsu. Hotuna ma suna taimakawa, domin rashin sanin abin da zai biyo baya na tayar wa yaran nan hankali ƙwarai: ki nuna masa hoton pragya (keke mai ƙafa uku), na shagon aski, na dawowa gida. Wahalar horon ita ce yana cin makonni da haƙuri, ƙwararrun kuma ba su da yawa. Ki lura, wata ƙarar zafi take yi masa a kunne, ba tsoro ba ne kawai. Irin wannan ƙarar, abin toshe kunne take buƙata.

Magani kuwa sauƙin bayarwa gare shi, amma hujjarsa a kan ƙananan yara masu galahanga ba ta da ƙarfi. A 2009 an gwada citalopram, wani maganin damuwa da fargaba, a kan yara masu galahanga 149 a Amurka don rage maimaita abu ɗaya da suke yi. Bai tsinana komai ba, sai ƙarin rashin barci da ƙiriniya. Danginsa su fluoxetine da sertraline ne, kuma su ma kan jawo irin wannan. Risperidone, da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi ga yara masu galahanga a 2006, na tsananin fushi da cutar da kai ne daga shekara 5, ba na fargaba ba, ga shi yana sa ƙiba da kasala. Ba na cewa magani ba shi da wuri. In yaro ya daina cin abinci ko yana buga kansa a bango, likita na iya rubutawa, yana kuma bibiya. Abin da nake roƙonki da Allah shi ne kada ki sayo masa diazepam ko wani maganin barci a kyamis. Yaro zai yi laƙwas, tsoron na nan daram.

Kafin komai ki kai shi sashen yara na asibitin Komfo Anokye a duba haƙori, kunne da taurin bayan gida, don yaron da ba ya iya faɗin ciwo da ihu yake faɗa. Addu'a ki ci gaba da yi, amma kada ki bari a dake shi ko a danne shi da sunan cire masa tsoro. Kuma ki ɗauki bidiyon ihun a waya ki nuna wa likita, tare da abin da ya faru kafin ya fara.