Keken haya na gari a cikin tsohon birni, yadda na same shi

Na jima ina hawan keken nan na haya da ake ɗauka a wannan tasha a ajiye a waccan, kuma a cikin tsohon birni ne mai lunguna da cunkoson jama'a. Gaskiya yana yiwuwa, amma fa ba ko'ina a cikin birnin ba.

Ɗaukarsa ba wuya, ka buɗe manhaja a waya ka haska lambar da ke jikin keken, makulli ya buɗe shi ke nan. Yana da nauyi kam, an yi shi ne don ya jure hannun mutane da yawa, sirdin ana ɗagawa ana saukewa, birki yana kamawa sosai. A babban titi idan motoci suka yi cirko-cirko wallahi ba abin da ya kai shi.

Da zarar ka kutsa lungu sai labari ya canja. Hanyoyin nan an yi su ne tun kafin mota, ga masu tafiya a ƙasa ga masu kasa kaya ga yara ga 'yan yawon buɗe ido da ke tsayawa ɗaukar hoto a tsakiyar hanya, kana ta buga ƙararrawa ba mai jin ka, dole ka sauka ka tura, kuma inda aka yi daɓen duwatsu har haƙoranka sai sun kaɗa. Ban ga laifin birnin Venice na Italiya ba da ya hana hawan keke a tsohon garinsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne tasha. Da safe kowa cikin gari ya nufa, tashoshin can su cika maƙil ka rasa inda za ka saƙala keken, lokaci na tafiya kuɗi na hawa, na gefen gari kuma wayam. Idan motar da ke kwashe kekuna tana rarrabawa ta makara to ranar ta ɓaci. Ko a Faris, inda aka fara nasu keken hayar mai suna Vélib' a 2007, sai da suka riƙa ba mutum ƙarin minti 15 kyauta idan ya mayar da keke tashar da ke kan tudu, don kowa gangara yake so.

Duk da haka na fi son mai tasha a kan wanda ake yarwa duk inda aka ga dama. Mun ga hotunan tulin kekunan Ofo da Mobike, kamfanonin haya marasa tasha, a ƙasar Sin, wani irinsu mai suna Gobee kuma ya tattara ya bar Faransa a 2018 saboda sata da lalata kekuna. A lungun da mutum biyu da ƙyar suke giftawa, keke ɗaya aka yasar ya tare wa tsoho da mai keken guragu hanya, wannan ba ƙaramin zalunci ba ne.

Ni dai da za a ji tawa, a jera manyan tashoshi a bakin ƙofofin tsohon birnin da kusa da tashar bas da ta jirgin ƙasa, a ware wa keke layinsa a titin da ya zagaye, cikin lunguna a bar wa ƙafa. Wanda zai gwada kuma ya fara duba manhaja ya ga ko akwai gurbi a tashar da zai sauka kafin ya cire keken.